Ina zan saka ƙaramar bindiga idan ina goye da jakar farauta?

"Assalamu alaikum, Baba. Ina zaune a Bozeman, jihar Montana. Bana abokan aikina za su shiga da ni duwatsu farautar elk, wata babbar barewa ta nan, da kwari da baka a watan Satumba, kuma a dajin za mu riƙa kwana. Sun ce in nemi ƙaramar bindiga saboda beyar. Matsalata ita ce jakar goyon da na saya tana da ɗamara mai kauri, kuma tana zama ne daidai inda kuben bindiga ke zama a ƙugu. Na gwada da ta wani abokina, ƙarfen sai cin ƙashin ƙuguna yake yi, hannuna ma ba ya kai wa gare ta. In jefa ta cikin jakar ne kawai, ko in ɗaura ta a jikin ɗamarar? Kuma wace iri ce ta dace da irin wannan tafiya?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'a, ya kai ku lafiya ya dawo da ku da nama. Abin da kake tambaya shi ne, ƙugu ɗaya gare ka, jaka na neman sa, bindiga na neman sa, wa zai haƙura? Bindiga ce za ta haƙura. Jakar farauta an yi ta ne yadda ƙugu zai ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗu su huta, kuma ranar da ka goyo cinyar elk za ka gane ɗamarar nan ba abin da za a sassauta ba ce don a ba wani abu wuri. Bindigar ta koma ƙirji, a kube mai nasa madauri dabam, ɗaure a jikinka kai kanka, yadda in ka sauke jaka tana nan tare da kai. Sauran bayanin duka dalilan wannan ne.

Takardunka tukuna

Ba ka faɗa mini irin takardun da kake zaune da su ba, kuma wannan ya riga maganar kube. A dokar tarayyar Amurka, mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, an hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma keɓewar da ta fi shafar irinmu ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Ka lura da kalmar "mai aiki". Ranar da lasisin ya ƙare, bindigar da ke cikin ɗakinka ta zama laifi babba, irin wanda ke kai mutum kurkuku ya kuma ci masa zaman ƙasar. Har aron bindigar aboki don gwaji yana cikin riƙewa. Dillali mai lasisi ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ba sai ka cika shekara 21 kuma kana mazaunin jihar.

Montana ta daina neman takardar izini don ɓoye bindiga a jiki a mafi yawan wurare tun 2021, Alaska ta riga ta tun 2003. Amma kowace jiha da nata sharaɗin, wasu sun taƙaita wannan sassauci ga 'yan ƙasa, wasu kuma suna da ƙa'idoji kan ɗaukar bindiga a lokacin farautar baka. Ni maharbi ne, ba lauya ba. Ka karanta littafin dokokin farauta na bana da hukumar kifi da namun daji ta Montana ke fitarwa, in kuma a biza kake, ka biya lauyan shige da fice kuɗin sa'a guda. Masu karanta mu daga gida kuwa, wannan zance ba nasu ba ne: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai.

Me ake gudu

Abokanka ba tsoratar da kai suke yi ba. Duwatsun da ke kudu da yammacin Bozeman gidan girizili ne, babbar beyar mai ruwan ƙasa, kuma mai farautar baka yana yin duk abin da ake ce wa matafiyi kada ya yi. Yana saɗaɗawa ba hayaniya, yana tafiya iska na bugun fuskarsa don kada dabba ta ji warinsa, yana fita da asuba da almuru, yana busa kukan elk don ya jawo namiji. Satumba kuma lokacin da beyar ke ci ba dare ba rana ne tana tara kitsen hunturu. A Satumbar 2019, a duwatsun Gravelly da ke kusa da Ennis, maharba huɗu suka ji rauni a hare-hare uku cikin kwanaki kaɗan.

Girizili na gudun kusan kilomita 55 a awa, wato kamar mita 15 a daƙiƙa guda. In ta fito daga cikin itatuwa a tazarar mita 30, daƙiƙa biyu gare ka, kuma sau da yawa tazarar ba ta kai haka. Da wannan ma'auni za ka auna kowane wurin da aka ce ka sa bindiga: hannu ɗaya zai iya zaro ta cikin wannan ɗan lokaci, kana tsaye ko kana durƙushe ko kana kwance a ƙasa? Na ce hannu ɗaya domin ɗayan yana riƙe da baka, ko sanda, ko kuma yana kare maka wuya.

Cikin jaka, da jikin ɗamara

Cikin jaka ba wuri ba ne. Bindigar da sai ka kwance maɗauri biyu, ka sauke kaya, ka zuge zif ka laluba, ƙarin kilo guda ne kawai ka ɗora wa bayanka. In nan za ka sa ta, gara ka bar ta a gida ka ɗauki ƙarin ruwa.

Jikin ɗamarar jaka shi ne ke ruɗin mutane, domin yana da daɗi sosai. Jakunkunan kamfanoni irin su Mystery Ranch da Stone Glacier, waɗanda duk a garinku suke, da Kifaru da Exo, ɗamararsu na karɓar kube cikin sauƙi. Nauyin bindigar na bin na jakar, ba ka jin sa, hannu kuma na sauka kanta daidai inda ya saba. Muddin kana tafe, ba ni da abin sukarsa. Amma ka ƙirga sau nawa maharbi ke sauke jaka a yini. Zai sauke don ya zauna ya duba gangare da madubin hangen nesa. Zai sauke don ya ɗebo ruwa a rafi, don ya zaga bayan itace, don ya yi alwala ya yi salla. Zai sauke in ya matso kusa da elk yana son ya rarrafa ba ƙara, ya bar ta a gindin wani itace da niyyar dawowa nan da nan, sai dabbar ta ja shi rabin kilomita. Mafi muni kuma, zai sauke lokacin fiɗa, ya sunkuya kai a ƙasa, hannu biyu cikin jini, warin kayan ciki na bin iska zuwa kowane kwari. Wato lokutan da haɗarin ya fi yawa su ne lokutan da jakar ba ta jikinka.

A Satumbar 2018, a dajin Teton da ke Wyoming, wani jagoran maharba da baƙonsa suna fiɗar elk sai girizili mace da ɗanta suka afka musu. Jagoran yana da fistol ƙirar Glock mai harsashin 10mm, amma ya cire ta ya ajiye tare da kayansu 'yan mitoci daga inda yake aiki. Baƙon ya kai ga bindigar, sai dai bai san ta ba, kuma ba harsashi a ɗane, bai iya harba ta ba. Jagoran ya rasu. Mutum ne ƙwararre, ya san dajin fiye da ni da kai, kuma abin da ya yi shi ne abin da kowa ke yi in zai sunkuya aiki: ya rage abin da ke takura masa. Shi ya sa nake cewa kube mai kyau shi ne wanda ba zai dame ka har ka so cire shi ba.

Akwai masu cewa suna cire bindigar daga ɗamara su mayar ƙugu duk lokacin da suka sauke jaka. A rana ta farko suna yi. Zuwa rana ta uku, ga gajiya ga yunwa, ban ga wanda ya dawwama a kai ba. Ban da haka, yawan zaro bindiga a ɗane da mayar da ita na cikin wuraren da harbin kuskure ke yawan faruwa.

Kuben cinya kuwa ya fi kyau a hoto. A hawan dutse yana lilo, yana goge fata, yana kama rassa, yana shiga ruwa in za ka ƙetare rafi. Akwai wani nau'i da ke rataye a bel ɗin wando ya sauko ƙasa kaɗan da ɗamarar jaka. Dogayen mutane wasu na jin daɗinsa, amma ɗamarar na danne maɗaurinsa a kan ƙashi, kuma rigar ruwa na rufe shi.

Ƙirji

A ƙirji, bindigar na zaune tsakanin igiyoyin kafaɗar jaka, inda ba abin da ke gasa da ita. Kana fara ɗaura ta, sannan ka goya jaka a kai. Ka sauke jaka, tana nan. Ka zauna, ka durƙusa, ka shiga ruwa har ƙugu, tana nan a bushe. Kowane hannu na iya kai wa gare ta. In kuma aka kayar da kai ka kifa ciki don kare fuska, tana ƙarƙashinka, ba a gefen da dabbar ke ja ba.

Iri uku ake samu. Akwai kube buɗaɗɗe mai igiya uku, irin Kenai na kamfanin Gunfighters Inc, na roba mai tauri, ko Guides Choice na Diamond D da ke Alaska, na fata. Wannan ya fi saurin zarowa. Na roba bai damu da ruwa da gumi ba, na fata ya fi laushi a jiki amma yana shan danshi ya riƙe, kuma danshi ke kawo tsatsa. Akwai ƙaramar jakar ƙirji mai zif, irin Kit Bag na Hill People Gear, wadda ke rufe bindigar daga ƙura da idon mutane, har ta ɗauki taswira da fitila. Farashinta shi ne ƙarin motsi guda kafin zarowa, kuma a idon doka bindigar da ke ciki ɓoyayya ce. Na uku shi ne kuben da ake liƙawa ƙarƙashin jakar madubin hangen nesa. Tunda kusan kowane mai farautar elk na rataye madubinsa a ƙirji, wannan na rage yawan igiyoyi. Ni shi nake amfani da shi, saboda ba na taɓa cire madubi daga asuba zuwa dare, don haka bindigar ma ba ta sauka. Aibinsa shi ne nauyin biyun na komawa kan wuya da kafaɗa, in igiyoyin sirara ne za ka ji a jikinka da yamma, kuma mutum gajere ko mai tumbi zai ji gindin bindigar na tokarar cikinsa in ya sunkuya. Ni siriri ne dogo. Abin da ya zauna mini ba lalle ya zauna maka ba, saboda haka ka saya a inda za su karɓa in ka mayar.

Tunda da baka za ka yi farauta, ga abin da mai doguwar bindiga ba zai gaya maka ba. In ka ja tsarkiya har ƙarshe, tana wucewa dab da ƙirjinka. Duk abin da ya yi tudu a wajen, ko bakin kube ko maɓallin igiya, zai iya taɓa ta ya karkatar da kibiya. Ka sa duk kayanka, har rigar sanyi, ka harba kibau a tsaye, a durƙushe, da kuma kana kallon gangare sama da ƙasa. In tana taɓawa, ka matsar da kuben ƙasa ko gefen hannun da kake ja da shi.

Abu biyu kada ka yi sassauci a kansu. Kuben ya rufe kunama ruf, da abu mai tauri, ko da a cikin jakar zif ne. Sannan ka juya shi ƙasa ka girgiza, da bindiga ba harsashi. In ta faɗo, ba na dutse ba ne. Wajen zarowa daga ƙirji, bakin bindiga na son ya bi ta kan ɗaya hannun naka, don haka ka koyi ɗaga gwiwar hannun ko janye shi baya. Wajen mayarwa ka kalli kuben da idonka, a hankali, domin igiyar rigar sanyi in ta shiga wajen kunama tana iya tayar da ita.

Wace iri

An daɗe ana musu tsakanin libarba mai harsashin .44 Magnum da fistol mai 10mm, kuma kowanne na da gaskiyarsa. Libarba ba ta da saurin cijewa, ko ka danna bakinta a jikin dabba za ta tashi, alhali fistol in aka tokare bakinta samanta na iya ja baya ta ƙi tashi, haka ma in riƙon ya yi sako-sako. Harsashin .44 ya fi ƙarfi nesa. Amma shida take ci, irin Smith & Wesson 629 na kai wa kusan kilo 1.2 ba harsashi, kuma bugunta a hannu na sa sabon maharbi ya riƙa runtse ido tun kafin ya ja kunama. 'Yar'uwarta marar nauyi, 329PD, da ke wajen giram 700, ta fi daɗin ɗauka, ta kuma fi azabar harbawa. Mutane da yawa na sayenta su harba kwali guda su daina gwaji.

Glock 20 na cin harsashi 15 na 10mm, nauyinta cike ya ɗan haura kilo guda, kuma mutum na iya jera harbi uku a wuri ɗaya da ita fiye da yadda zai yi da .44. Ita ce dakarun sintirin Sirius na Denmark ke ɗauka a Girinlan saboda farar beyar. Ga wanda bai saba ba kamarka, ita zan nuna. Kuma kada girman harsashi ya ɗauke maka hankali fiye da kima: a 2016 wani gogaggen jagora a Alaska, Phil Shoemaker, ya kashe beyar da ta taso wa baƙinsa da ƙaramar 9mm. Abin da ya yi aiki shi ne irin harsashin da inda ya sa shi. Harsashin da ke buɗewa in ya shiga jiki, wanda ake sayarwa don kare kai a gari, ba shi ake so ba. Ana son mai nauyi, mai tauri, mai faffaɗan kai, wanda zai ratsa gashi da kitse da ƙashi; a 10mm, mai nauyin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 200 zuwa 220. Wasu fistol ba sa haɗiye irin wannan da kyau, kuma kamfanin Glock kansa ba ya ba da shawarar harsashin darma marar rufi a bututunsa, saboda haka ka nemi mai rufi, ka kuma harba isasshe daga ainihin wanda za ka ɗauka har ka tabbata ba ya cijewa.

Ni a ɗane nake ɗaukar tawa, cikin kuben da ya rufe kunama, domin ɗana fistol na son hannu biyu da lokacin da ba za ka samu ba. In zuciyarka ba ta kwanta da haka ba, kada ka tilasta mata. Libarba ta fi dacewa da kai. Kuma duk wanda za ku kwana daji tare ya san yadda taka ke aiki, kai ma ka san tasa.

Feshin barkono

Kada bindiga ta sa ka bar shi. Masu bincike Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun bi diddigin abubuwan da suka faru a Alaska. A binciken da suka buga a 2008, feshin ya tsayar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi sun fita ba rauni. A na 2012, kan bindigogi, ƙaramar bindiga ta yi nasara a 31 cikin 37, kashi 84 ke nan, doguwa kuma kashi 76. Ba na ɗora alƙaluman biyu a sikeli ɗaya, domin da yawa cikin waɗanda aka fesa wa barkono beyar ce mai leƙe-leƙe, ba mai kai hari ba, kuma 37 ba adadi ne mai yawa ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne feshi ba ya neman saiti mai kyau daga hannun da ke rawa, kuma in ka fesa wa abokinka da beyar ke kansa, zai yi kuka ya warke. A 2011, kusa da iyakar Montana da Idaho, wani maharbi ya mutu da harsashin abokinsa da ke ƙoƙarin ceton sa daga girizili. Shi ma feshin yana da rauninsa: iska mai ƙarfi a fuska, cikin tanti, da gwangwanin da ke ƙarewa cikin daƙiƙa bakwai zuwa tara. Ka ɗauki biyun, feshin a gefen jakar madubi ta wajen hannun da ba ka harbi da shi. Ni ban taɓa harbin beyar da ta taso mini ba; waɗanda na haɗu da su, magana da ja da baya a hankali sun raba mu, sau ɗaya kuma barkono. Abin da na faɗa kan lokacin harin kansa daga rahotannin hukuma ne da bakin waɗanda abin ya faɗa wa.

Kafin Satumba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cire harsashi duka, ka kai su wani ɗaki, ka goya jakar da nauyinta, ka sa rigar sanyi da safar hannu, ka yi ta zarowa kullum na 'yan mintoci har hannu ya daina nema. Ka yi a zaune, ka yi a kwance rigingine. A filin gwaji ka sa farantin takarda a mita bakwai zuwa goma, ƙasa-ƙasa, domin beyar mai gudu kanta a ƙasa yake, ka ga ko za ka sa harbi biyu a ciki da hannu ɗaya bayan ka ɗan yi gudu numfashi ya hau. In ba ka taɓa riƙe ƙaramar bindiga ba, ka biya mai koyarwa. Watannin da suka rage sun isa a koyi abin da zai hana ka harbin kanka, ko da ba su isa a ƙware ba.

Girizili a Montana tana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya tun 1975. An yarda ka kashe ta don kare rai, ba don kare naman da ka farauto ba. In ka dawo ka tarar ta hau kan elk ɗinka, ya zama nata, ka juya. In har ka harba, ko ka same ta ko ba ka same ta ba, ka bar wurin yadda yake, ka sanar da hukuma da zarar waya ta kama, domin za a yi bincike, kuma beyar mai rauni haɗari ce ga wanda zai biyo bayanka. Lokacin fiɗa mutum ɗaya ya tsaya yana kallon daji, ku janye naman nesa da kayan ciki, ku rataye shi inda za ku hango shi daga nesa in kun dawo ɗauka. Da dare bindigar na cikin kubenta a wuri ɗaya kullum, kusa da kai, tare da fitilar goshi.

In wata shekara sha'awar Alaska ta kama ka, kada ka bi ta Kanada a mota da bindigar. Dokarsu kan ƙaramar bindiga mai tsauri ce kuma ba a yarda a ɗauke ta don farauta ba. A jirgi ana sa ta ba harsashi cikin akwati mai tauri a kulle, a kayan da ake aunawa, ka kuma bayyana ta ga ma'aikatan jirgin a wurin awon kaya. Feshin barkonon beyar kuwa ba ya hawa jirgin fasinja ko a wace jaka, sai ka sauka ka sayi wani a can.